Sharhi Kan Kundin Cicely Tyson da Ake Turawa a Farm Centre

A cikin shagunan tura fim da ke kasuwar waya ta Farm Centre a nan Kano, akwai wani ƙaramin shago da ya fito da wata hidima wadda ban saba ganin irinta a wajen abokan sana'arsa ba. Maimakon ya zauna jiran wanda zai zo neman sabon fim ɗin Indiya ko ci gaban shiri mai dogon zango, sai ya zaɓi ɗan wasa guda ɗaya, ya tattaro ayyukansa tun daga fitowarsa ta farko har zuwa ta ƙarshe, ya jera su bisa shekarun da aka yi su, sannan ya haɗa da ’yar takarda ta Hausa mai bayanin rayuwar mutumin. Wannan haɗi shi masu shagon suke kira kundi. Wanda na saya shi ne na Cicely Tyson, baƙar fatar Amurka da ta shafe fiye da shekara 60 tana wasa a dandamali da talabijin da sinima, ta rasu ranar 28 ga Janairun 2021 tana da shekara 96. Kundin ya cancanci kuɗinsa idan ayyukanta na talabijin mutum yake nema, amma ya gaza ƙwarai wajen nuna cewa matar ’yar dandamali ce tun asali, kuma wannan gazawa ta rage masa daraja fiye da yadda masu shagon suke zato.

Mai saye yana zuwa da memorinsa ko filashinsa, ko ya sayi sabo a nan take, a tura masa. Idan ya buɗe zai tarar da folda-folda, kowace da shekararta a jiki, daga farkon shekarun 1960 har zuwa 2020. A gaban kowane fayil akwai gajeren bayani na murya da Hausa, wanda bai wuce minti biyu zuwa uku ba, inda wani matashi yake faɗin shekarar da aka yi aikin, da gidan talabijin ɗin da ya fara nuna shi, da rawar da matar ta taka a ciki. Wannan jeri bisa shekaru shi ne babban alherin kundin, domin wanda ya bi shi a tsanake zai ga hoto yana tashi daga baƙi da fari zuwa mai launi, zai ga fuskar matar tana manyanta, zai kuma ga yadda matsayin da talabijin ɗin Amurka yake bai wa baƙar mace ya riƙa sauyawa, daga ma'aikaciyar ofis da ke gefen labari zuwa wadda labarin gaba ɗaya ya rataya a wuyanta.

Takardar da ake haɗawa da kundin shafi huɗu ce, an buga ta da tsabta, Hausarta kuma ba ta da laifi, sai dai ta fara da kuskuren da bai kamata a ƙyale ba. An rubuta cewa an haifi Tyson a 1933, alhali an haife ta ne ranar 19 ga Disambar 1924 a birnin Niyok. Shekarar 1933 ta daɗe tana yawo a jaridu da littattafai, saboda haka ba abin mamaki ba ne mai shago ya tsince ta, amma bambancin shekara tara yana sauya fahimtar rayuwar matar baki ɗaya. Da lissafin gaskiya, tana da shekara 36 lokacin da ta yi wasan dandamalin da ya fara fito da sunanta, tana da 47 lokacin da duniya ta san ta a sinima, wato mace ce da ɗaukaka ta zo mata a makare bayan dogon jira, a sana'ar da aka san ta da juya wa mata baya da zarar ƙuruciya ta fara gushewa. Da na nuna wa yaron shagon wurin, sai ya ce, "Yallaɓai, wallahi haka muka gani a intanet, amma in sha Allahu za a gyara a bugu na gaba." Ban ga alamar gardama a tare da shi ba, kuma ya rubuta shekarar a jikin wata takarda ya manna a gefen kwamfutarsa.

Abin da takardar ta faɗa game da tasowarta daidai ne, kuma an faɗe shi da kyau. Iyayenta baƙi ne da suka zo daga tsibirin Nevis na yankin Karebiyan, mahaifinta kafinta ne mai fenti, mahaifiyarta kuma tana aikatau a gidajen mutane. A gabashin unguwar Harlem ta tashi, a gidan da coci ya zama kusan shi kaɗai ne wurin da aka yarda yara su je. Ta yi aikin buga tafireta a ƙungiyar agaji ta Red Cross, daga nan ta shiga tallan kayan sawa har hotunanta suka fito a mujallar Ebony, kuma lokacin da ta ce wasan kwaikwayo za ta yi, mahaifiyarta ta kore ta daga gida, suka daɗe ba sa magana. Duk wanda ya san abin da ’yan mata da yawa suka fuskanta a gidajensu a garin nan kafin a bar su su tsaya gaban kyamara ba zai buƙaci a yi masa dogon bayani a kan wannan ba.

Folda ta farko tana ɗauke da ’yan gutsattsari daga shirin East Side/West Side, wanda gidan talabijin na CBS ya nuna daga 1963 zuwa 1964, inda ta fito a matsayin Jane Foster, sakatariya a ofishin jin daɗin jama'a, tare da George C. Scott. Hoton ya dushe, sautin yana da ƙura, kuma ba cikakkun kashi-kashi aka samu ba, amma ba zan ɗora wa shagon laifin wannan ba, tunda shirin ya haura shekara 60 kuma zango ɗaya kacal ya yi. Abin da ya sa gutsattsarin suke da muhimmanci shi ne a wancan zamani baƙar mace ba ta cika samun gurbi na dindindin a shirin talabijin mai ɗauke da labari na gaske ba, ga shi kuma ta fito da gashinta na halitta a gajarce, ba ta miƙar da shi da ƙarfe mai zafi ko mai ba kamar yadda aka saba tilasta wa baƙaƙen mata. Mai bayanin murya ya ambaci batun gashin a taƙaice, kuma ya kyauta da bai tsawaita ba.

Matsala ta farko mai nauyi tana cikin foldar 1972, inda fim ɗin Sounder yake. Labari ne na wani iyali baƙar fata a jihar Luwiziyana a shekarun 1930, masu noma gonar wani farar fata ana raba amfanin, waɗanda yunwa ta sa maigidan ya ɗauko nama ba da izini ba, aka yanke masa ɗaurin aiki mai wahala. Tyson ce Rebecca, matar da aka bar wa ’ya’ya da gona da bashi, Paul Winfield ne mijin, Martin Ritt kuma shi ya ba da umarni. Wannan rawa ce ta sa aka sanya sunanta cikin masu takarar lambar Oscar ta fitacciyar ’yar wasa. Hoton da shagon ya samo yana da kyau sosai, amma sai aka ɗora masa fassarar murya irin wadda aka saba yi wa fina-finan Indiya, wato mutum ɗaya yana yin muryar kowa, yana cike duk wani gurbi da magana, har yana ƙara barkwancin da babu shi a asali. Wannan salo yana iya dacewa da fim mai faɗa da rawa, amma Tyson ’yar wasa ce da rabin aikinta a shiru yake. Akwai wurin da take tsaye a shagon farar fatan da suke noma wa gona, yana yi mata magana cikin raini, ita kuma tana amsawa da ’yan kalmomi kaɗan yayin da idanunta suke faɗin abin da bakinta ba zai iya faɗa ba idan tana son ’ya’yanta su ci abinci. Mai fassara ya cika wurin da surutu, ya sa mata baƙaƙen maganganun da matar da ke cikin wannan hali ba za ta taɓa furtawa ba, sai ya mayar da haƙuri mai ciwo ya koma cacar baki. Haka ya yi a fitowar da aka fi tunawa a fim ɗin, lokacin da mijin ya dawo yana ɗingishi daga nesa, ta tsaya tana ƙura ido har ta gane shi, sannan ta zuba da gudu tana kiran sunansa. Fitowar ba ta buƙatar kalma ko ɗaya ta ƙari, amma an ɗora mata kirari.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne ba a sanya fayil mai sautin asali a gefen na fassara ba, sai da na koma na nema. An tura mini ba tare da an karɓi ƙarin kuɗi ba, amma mai sayen da bai san akwai wani abu da aka rufe da murya ba ba zai taɓa tambaya ba.

A foldar 1974 kuwa, ko dai wani mai fassarar aka sa, ko kuma shi ɗin ne aikin ya yi masa kwarjini, domin abin da aka yi wa The Autobiography of Miss Jane Pittman shi ne mafi kyawun aiki a kundin duka. Fim ne na talabijin da CBS ta nuna a watan Janairun 1974, an ɗauko shi daga littafin Ernest J. Gaines na 1971, John Korty ya ba da umarni. Labarin wata tsohuwa ce mai shekara 110 da ke ba wani ɗan jarida tarihinta a 1962, tun daga lokacin da take yarinya a cikin bauta a zamanin yaƙin basasar Amurka, har zuwa zamanin fafutukar neman ’yancin baƙar fata. Tyson tana da shekara 49 a lokacin, ta fito a matsayin matar tun tana budurwa har zuwa tsufa tukuf. Masu kwalliya sun yi aikinsu a fuska, amma tsufan da ke cikin fim ɗin ba a fuska kaɗai yake ba. Yana cikin yadda take tauna kalma kafin ta fitar da ita, da yadda take ɗora hannu a kan sanda kafin ta amince ta ɗora nauyinta, da yadda kanta yake ɗan karkarwa idan ta yi shiru. Tyson ta ziyarci gidajen kula da tsofaffi tana lura da su kafin a fara ɗauka, kuma hakan ya bayyana a kowane taku.

Mai fassara a nan ya sassauta murya, ya bar sautin asali yana fitowa a ƙarƙashin tasa, ya kuma zaɓi Hausar tsofaffi wadda ta dace da matar, ba Hausar samarin bakin titi ba. Ya bi labarin a hankali ta cikin asarorin da suka jeru mata: mijinta Joe Pittman mai horar da dawaki da doki ya yi ajalinsa, da Ned da ta raina kamar ɗan cikinta wanda aka harbe saboda yana koyar da baƙar fata, da saurayin nan Jimmy da aka kashe a ƙarshe. Da aka zo fitowar ƙarshe, inda tsohuwar ta sauka daga mota a gaban kotu, ta doshi famfon shan ruwa da aka rubuta cewa na farar fata ne kaɗai, jami'an tsaro suna tsaye suna kallonta, sai mai fassara ya karanta abin da ke jikin allon sau ɗaya da Hausa, ya yi shiru. Tafiyar tana da tsawo, tsohuwar tana jan ƙafa, babu mai magana, har ta sunkuya ta kai bakinta ga ruwan. Wannan shiru na mai fassara shi ne ya nuna cewa a shagon akwai wanda ya san abin da yake riƙe da shi. Rawar ta samo wa Tyson lambobin Emmy guda biyu, wato lambobin yabo na talabijin a Amurka, kuma ko da wannan fayil kaɗai ne a kundin, da ban ce na yi asarar kuɗina ba.

Abin da shagon yake tallata kundin da shi kuwa daban ne. A jikin hoton da aka manna a ƙofa an rubuta Roots da manyan haruffa, domin shi ne sunan da mutanen Kano masu ’yan shekaru suka sani. Gidan talabijin na ABC ne ya nuna shirin a dare takwas a jere cikin Janairun 1977, daga littafin Alex Haley, kuma Tyson ta fito a matsayin Binta, mahaifiyar Kunta Kinte, a ƙauyen Jufure na ƙasar Gambiya. Gaskiyar magana ita ce fitowarta a kashi na farko take, kuma gajeriya ce, ko da yake fitowar haihuwa da aka buɗe shirin da ita tana da ƙarfi. Shagon ya sanya kashin farko kaɗai, wanda hakan daidai ne ga kundin da ya shafi mutum ɗaya, amma tallan ƙofa yana sa mai saye ya zaci ita ce jigon shirin, kuma na ji wani dattijo yana ƙorafin cewa bai ga sauran labarin ba. Foldar 1978 tana da ayyuka biyu da suka fi Roots nuna ta, wato King, inda ta fito a matsayin Coretta, matar Martin Luther King, da A Woman Called Moses, inda ta zama Harriet Tubman, matar da ta tsere daga bauta ta riƙa komawa kudu tana fito da wasu. Hoton na biyun ya ɗan yi duhu a fitowar dare, kuma fitowar dare ce ta fi yawa a cikinsa. Akwai kuma The Marva Collins Story na 1981, labarin wata malamar makaranta ta birnin Shikago, da aikin 1994 da ya samo mata Emmy ta uku. Wanda ya jera waɗannan a gabansa zai fahimci abin da takardar ta faɗa a layi ɗaya, cewa matar ta ƙi karɓar rawar da take ganin tana zubar da mutuncin baƙar mace, musamman a shekarun 1970 da aka yi yayin fina-finan ’yan daba da karuwai, ko da ƙin zai sa ta zauna ba aiki na tsawon lokaci.

Babban giɓin kundin shi ne dandamali. Layi biyu kacal takardar ta ba shi, alhali ta ware kusan rabin shafi ga aurenta da mai busa ƙaho Miles Davis, auren da aka ɗaura a 1981 suka rabu a 1989. Na san abin da masu saye suke son karantawa, amma wannan rabo bai yi wa matar adalci ba. A 1961 ta shiga wasan The Blacks na marubucin Faransa Jean Genet, a wani ƙaramin zaure na Niyok mai suna St. Mark's Playhouse, wasan da baƙaƙen ’yan wasa suke sanya fuskokin roba farare suna kwaikwayon sarauniya da alƙali da limamin coci na Turawan mulkin mallaka. An yi wasan sau 1,408, kuma cikin waɗanda suka fara shi tare da ita akwai James Earl Jones da Maya Angelou da Louis Gossett Jr. da Roscoe Lee Browne, wato kusan rukuni guda na mutanen da daga baya suka zama manya a fagen. A 1962 ta yi Moon on a Rainbow Shawl na Errol John, marubuci ɗan Tirinidad, ta sami lambar yabo a kansa. A irin waɗannan zauruka ne ta koyi riƙe numfashi da auna shiru, abin da daga baya ya bayyana a gaban famfon Jane Pittman, domin ɗan wasan da yake fuskantar mutane ido da ido kowane dare ba shi da damar a ce masa a sake ɗauka. Babu ko ɗaya daga cikin wannan bayani a takardar.

Ba ina cewa shagon ya samo hoton wasan 1961 ba ne, tunda wasan dandamali yana ƙarewa ne a daren da aka yi shi. Mu ma a nan Kano mun san haka, domin wasannin daɓe da ƙungiyoyi suka yi a zauruka da makarantu kafin zuwan bidiyo, waɗanda suka haifar da da yawa daga cikin dattawan Kannywood, yawancinsu sai dai a ji labarinsu a bakin waɗanda suka halarta. Amma daidai wannan dalili ne ya sa ya kamata takarda da bayanin murya su ɗauki nauyin abin da hoto ba zai iya ba. Akwai hotunan da ba sa motsi, akwai hirarrakin da ta yi tana ba da labarin wancan zamani, akwai kuma littafin tarihin rayuwarta, Just As I Am, wanda ya fito kwana biyu kafin rasuwarta, kuma duk waɗannan za su iya cike folda guda.

Wannan sakaci ya fi fitowa fili a foldar 2014, inda aka sanya The Trip to Bountiful kamar wani fim ne na talabijin da ya faɗo daga sama. Mai bayanin murya bai faɗi cewa wasan dandamali ne na Horton Foote ba, bai kuma faɗi cewa Tyson ta yi shi a Broadway, wato manyan zaurukan wasan kwaikwayo na birnin Niyok, a 2013, bayan shekara 30 rabonta da wannan dandamali, ta karɓi lambar Tony, wato lambar yabo ta wasan dandamali, ta fitacciyar ’yar wasa tana da shekara 88 ba. Fim ɗin gidan talabijin na Lifetime ya biyo bayan nasarar wasan ne, Vanessa Williams ma ta sake fitowa a matsayin surukar da ta yi a dandamali. Labarin Carrie Watts ne, tsohuwar da ke zaune a ƙuntataccen gida a birnin Houston tare da ɗanta da matarsa, ba ta da burin da ya wuce ta sake ganin ƙauyen da aka haife ta kafin ta mutu, har ta ɓoye takardar fanshonta ta sulale zuwa tashar mota. Duk gidan da ke da tsohuwar da aka ɗauko daga ƙauye aka ajiye a birni don a kula da ita, tana kwana tana tashi da zancen gida, zai gane wannan mata tun kafin a fassara masa kalma ɗaya. Amma mai kallo ya cancanci ya san cewa matar da yake gani ta riƙa hawa dandamali dare bayan dare tana ɗauke da wannan doguwar rawa a ka tana dab da shekara 90, kuma ba ta tsaya nan ba, domin a 2015 ta koma Broadway tare da James Earl Jones a wasan The Gin Game, fiye da rabin ƙarni bayan haɗuwarsu ta farko.

Folda ta ƙarshe ta ƙunshi fitowarta a shirin How to Get Away with Murder daga 2015 zuwa 2020, inda ta zama Ophelia, mahaifiyar lauyar da Viola Davis ta fito a matsayinta. Shagon ya yi hikima da ya zaɓo kashi-kashin da ta fito kaɗai. A cikinsu akwai fitowar da uwar ta zaunar da ’yarta a ƙasa tsakanin ƙafafunta tana taje mata gashi, tana kuma bayyana mata, da murya ƙasa-ƙasa, cewa ta san abin da kawun ’yar ya yi mata tana yarinya, kuma gobarar da ta cinye gidansu da shi a ciki ba haɗari ba ce. Hannun bai daina tajewa ba har ta gama maganar. An bar wannan da sautinsa na asali da rubutun Turanci a ƙasan allo, babu fassara. Sai dai shirin yana ɗauke da fitowar da ba ta dace a kalla tare da yara ko surukai ba, kuma babu gargaɗi ko ɗaya a jikin foldar, abin da bai kamata shagon da ke sayar wa magidanta kaya ya manta da shi ba. Takardar ta rufe da jerin karramawar da aka yi mata, ciki har da lambar ’yanci ta shugaban ƙasa da Barack Obama ya rataya mata a 2016 da Oscar ta girmamawa a 2018, wadda ita ce baƙar mace ta farko da aka bai wa, kuma waɗannan shekaru duk daidai suke.

Game da shagon kansa, wuri ne matsattse mai benci ɗaya, kuma da yamma layi yana tsawo saboda kwamfuta ɗaya ce take yin turin kundi yayin da sauran suke kan masu neman fina-finan yau da kullum. Idan aka ɗauke wuta ana ɗan jira kafin a tayar da janareto, kuma turin da ya katse sai an faro shi daga farko. Yaran suna da ladabi, suna duba memori ko yana da bairos kafin su sa shi, kuma kuɗin kundin gaba ɗaya bai kai abin da mutum zai kashe a data ba idan ya ce shi zai nemo fayilolin ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma batun da ba zan tsallake ba, wato haƙƙin mallaka. Da na tambayi mai shagon ko yana da izinin masu waɗannan ayyuka, sai ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, ai ka san yadda kasuwar take." Na sani, kuma furodusoshin da ke Zoo Road sun fi ni sani, domin irin wannan turi yana cikin abubuwan da suka durƙusar da cinikin faifai da ’yan kasuwar Ƙofar Wambai suka rayu a kansa shekara da shekaru. Aikin da shagon ya yi da hannunsa, wato jerin da takardar da bayanin murya, shi ne abin da yake da ikon sayarwa da sunansa, kuma shi ne ya fi cancanta ya inganta.

Ɗaliban sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Bayero da matasan da ke neman shiga harkar fim su ne za su fi cin moriyar kundin, musamman ’yan mata da ake ba su rawar uwa ko kaka a shafa musu hoda a gashi a ce sun tsufa. Wanda zai saya ya je da safe kafin layi ya taru, ya tafi da memori mai fili sosai, ya nemi a sanya masa Sounder mai sautin asali tun a turin farko, kuma ya buɗe fayil ɗin Jane Pittman ya ja shi zuwa ƙarshe kafin ya bar shagon, domin shi ne mafi nauyi a cikin fayilolin kuma shi ya fi saurin yankewa idan wuta ta katse.